Littattafan da Suka Dace da 'Yan Mata Matasa: Sharhi a kan Zaɓen Ƙagaggun Labarai Don Makarantun Sakandare na Keffi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malamai da iyaye suka fi yi wa masu tsara manhajar Hausa akwai wannan: wane littafi ne za a miƙa wa yarinya 'yar shekara 13 zuwa 18 ta karanta, a kwana da kwanciyar hankali? Idan aka bi diddigin tambayar, galibi abin da mai yin ta yake nufi shi ne, wane littafi ne ba zai ɓata tarbiyyarta ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai idan ita kaɗai aka riƙe a matsayin ma'auni, to abin da za a tara wa yarinya shi ne littattafan da babu laifi a cikinsu, kuma babu ita a cikinsu. Irin waɗannan takan karanta su don jarrabawa, ta rufe, ta koma ga wanda ta ɓoye a ƙarƙashin matashi ko a cikin waya.

Ma'aunin da muka ɗauka a wannan sharhi shi ne matsayin mace a cikin labarin. Shin tana tunani? Tana yanke shawara da kanta, ta kuma ɗauki sakamakon abin da ta yanke? Ko kuwa kaya ce da maza ke jayayya a kai? A kan wannan muka ƙara ma'auni na biyu, wato harshen littafin, domin ɗalibar da muke magana a kanta 'yar Keffi ce, ba 'yar Kano ko Katsina ba.

2.0 Wace Ce Ɗalibar Keffi?

Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996, gida ce ga al'ummu masu yawa: Eggon da Mada da Gwandara da Alago da Afo da Gbagyi da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa da sauransu. Garin Keffi kansa masarauta ce da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta kuma yi zamanta a ƙarƙashin Zazzau, saboda haka Hausa ta daɗe da kafuwa a cikinsa. Amma kusancinsa da Abuja, da cikar da garuruwan kan hanya irin su Masaka da Mararraba suka yi, da kuma jami'ar jiha da aka kafa a garin a farkon shekarun 2000, sun sa aji guda yakan haɗa yarinyar da ta tashi da Hausa a bakinta, da wadda ta tsince ta a kasuwa da wajen wasa, da wadda sai a makaranta ta fara jin ta sosai. Akwai Musulma, akwai Kirista, a benci ɗaya.

Wannan yana da tasiri a kan zaɓen littafi ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Hausar da ake yi a matsayin harshe na biyu a wannan yanki takan sassauta bambancin jinsi, har a ji an ce "ya zo" ana nufin mace, takan kuma haɗe ƙ da k, ko ɗ da d. (Abin sha'awa ga mai nazarin harshe, Gwandara, wadda ita ce 'yar'uwar Hausa mafi kusa, ta yar da jinsin nahawu gaba ɗaya.) Ɗalibar da ke da irin wannan Hausa, littafin da take karantawa shi ne babban malaminta na daidaitacciyar Hausa. Idan littafin bai bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa ba, ko ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, to ya tabbatar mata da kuskurenta. Za mu dawo kan wannan a gaba.

3.0 Tsofaffin Littattafan Manhaja

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Babu mai jayayya a kan ingancin Hausarsu, kuma ba mu ba da shawarar a cire ko ɗaya daga hannun 'yan mata ba. Yarinyar da ba ta karanta Magana Jari Ce ba an tauye mata haƙƙi.

Amma a duba inda mace take a cikinsu. A Jiki Magayi, Zainab ce musabbabin labarin gaba ɗaya: Abubakar yana son ta, attajiri Malam Shehu ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, masifar ta faɗa kan ɗanta Kyauta. Labarin na maza biyu ne da gabar da ke tsakaninsu, ita kuwa Zainab ana juya ta ne kamar hajar kasuwa. A Ruwan Bagaja duniyar ta Alhaji Imam ce da Malam Zurƙe. A fagen wasan kwaikwayo, Kyallu ta Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi karuwa ce mai tsiyata miji, Halima ta Uwar Gulma ta Mohammed Sada kuwa matar da ke shan wuya ce a hannun Hayatu. Wato yarinyar da ta bi waɗannan littattafai daga aji ɗaya zuwa aji shida za ta ga mace a matsayin abin nema, ko abin tsoro, ko abin tausayi.

Togaciya guda ita ce mahaifiyar Umar a Shaihu Umar, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare Sahara. A ganinmu ita ce mace mafi ƙarfin zuciya a rubutun wancan zamani, kuma abin takaici ne yadda tambayoyin aji suka fi tsayawa a kan Umar da Abdulkarim, a wuce ta da jimla ɗaya. Malamin da ke da 'yan mata a gabansa yana iya gina darasi guda cur a kan tafiyarta.

4.0 Rubutun Mata

4.1 So Aljannar Duniya

Hafsatu Abdulwaheed ce mace ta farko da aka buga ƙagaggen labarinta na Hausa. So Aljannar Duniya ya fito a 1980 daga Kamfanin NNPC na Zariya, bayan gasar da ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Tauraruwarsa, Boɗaɗo, Bafillatana ce da ta ƙallafa rai a kan Yasir, wanda ba Bafillace ba, danginta kuma suka ƙi. Abin da ya bambanta ta da Zainab ta Jiki Magayi shi ne tana da baki: tana faɗin abin da ke ranta a gaban manya, abin da kunyar Fulani ba ta yarda da shi ba. Littafin gajere ne, ya bi ta hannun edita, rubutunsa a daidaice yake, kuma jigonsa na aure tsakanin ƙabilu ba baƙon abu ba ne ga yarinyar Keffi, wadda wataƙila mahaifiyarta Mada ce mahaifinta Bahaushe. Kalmomin Fulatanci da aka barbaɗa a ciki suna buƙatar ɗan bayani, ba wani abu ba. Muna ganin ya dace da aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji ɗaya na babba.

4.2 Balaraba Ramat Yakubu

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne maganar take da nauyi. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekaru kimanin 13, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Ta fara da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990.

Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi, Ahmadu, ya yi boko, ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Uban, don ya wanke kunyarsa, ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijo mai mata. Ta gudu zuwa Kano wajen gwaggonta Hajiya Kumatu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Idan aka taƙaita shi haka sai ya yi kama da wa'azin ilimin 'ya'ya mata da aka saba ji a rediyo. Abin da ya ɗaga shi sama da wa'azi shi ne yadda marubuciyar ta rarraba laifin. Wanda ya fara wulaƙanta Abu ba tsohon ƙauye ba ne, ɗan boko ne. Uban da ya hana ta karatu shi ne kuma ya ji zafin an kira 'yarsa jahila. Wadda ta tsamo ta kuwa mace ce da dangi ba su ɗauke ta abin koyi ba. Yarinya mai shekara 16 da ta karanta wannan dole ta yi tunani, domin babu inda za ta ajiye mugu a gefe guda, nagari a ɗaya gefen, ta huta. Haka kuma littafin bai fita daga cikin addini ya yi jifa ba; hujjar da yake kafawa ita ce neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma aure ba ya inganta da tilas. Novian Whitsitt ya yi nazarin wannan fuska ta rubutunta a 2002.

Akwai abin da za a faɗa a kansa. Daren farko na Abu a gidan Sarkin Noma an kawo shi da zafinsa, ba a lulluɓe ba, kuma wannan ne ya sa wasu malamai ke ja da baya. Mu ba mu ga batsa a wurin ba. Abin da muka gani zalunci ne da aka kira da sunansa. Duk da haka ba littafin ƙaramar sakandare ba ne. Wurinsa aji biyu da aji uku na babbar sakandare, a hannun malami ko malamar da ta karanta shi tun kafin ta shiga aji. Na biyu, nasarar Abu a kashi na ƙarshe ta zo da sauƙin da rayuwa ba ta cika bayarwa ba, kamar marubuciyar ta matsu ta rama mata. Wannan rauni ne na zubi, amma rauni ne mai amfani a aji, domin ana iya tambayar ɗalibai: mene ne zai faru da Abu da ba ta da gwaggo a birni?

Alhaki Kuykuyo Ne ya fi shi ƙwarewar saƙa. Rabi, matar Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, an kore ta bayan mijin ya auro Delu. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau. Da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya, sai maza suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Masu karatu sun daɗe suna saɓani a kan wannan ƙarshe: wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya, wasu na ganin ta nuna gaskiyar yadda ake yi ne, ta bar mai karatu da ɗacin abin. Mu muna tare da na biyun. Littafin da zai raba aji gida biyu a kan tambaya irin wannan ya yi aikin da ake nema daga adabi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012, wato ɗalibar da Hausarta ba ta nuna ba tana da abin jingina.

4.3 Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Rahma Abdulmajid

Littattafan Bilkisu Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda da Ni, na shekarun 1990, sun shiga hannun 'yan mata ba tare da taimakon wata manhaja ba. Hausarta mai daɗi ce, hirar taurarinta kamar a tsakar gida, kuma matan da take zanawa masu ilimi ne, masu aiki, masu sanin darajar kansu. Inda muke da ja shi ne duniyar da take ajiye su: gidaje na alfarma, motoci, tafiye-tafiye. Yarinyar da mahaifinta manomin doya ne a Kokona tana iya fita da fahimtar cewa amfanin digiri shi ne ya kai mace gidan mai kuɗi. Mun fi son a sa su a ɗakin karatu don karatun nishaɗi, a bar gurbin nazari a aji ga waɗanda suka fi su tauri.

Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, wanda ya fito a 2006, shi ne mafi faɗin buri a cikin duka. Ya taɓo mutuwar mata wajen haihuwa a karkara, da bambancin ɗa da bawa, da sa-ɗaka a gidan sarauta, yana bin rayuwar uwa da 'ya. Tsawonsa ya wuce abin da zangon karatu zai ɗauka. A zaɓi babi ɗaya ko biyu daga farkonsa don aji uku na babbar sakandare, a bar sauran ga mai himma.

5.0 Zargin "Adabin Kasuwar Kano"

Ba za a yi maganar waɗannan littattafai a tsallake muhawarar da aka yi a kansu ba. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana sukar ingancinsa da kwaikwayon finafinan Indiya da ke cikinsa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa rubutun ya sa dubban mata karatu da Hausa, kuma yana faɗin abin da ke damun matasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kuskuren da aka yi a makarantu shi ne ɗaukar ɗaruruwan littattafai a yi musu kuɗin goro, har ya kai ga a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata. Wutar ba ta hana karatu ba. Abin da ya biyo baya shi ne rubutun ya ƙaura zuwa waya, inda ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko a saurare shi a YouTube, babu edita, babu mai tacewa, kuma a cikinsa akwai abin da ya fi duk wanda aka ƙona muni nesa ba kusa ba. Shugabar makaranta tana iya binciken akwatin ɗaliba, amma ba ta da iko da abin da za ta karanta a hutu. Abin da makaranta ke iya ba ta shi ne ɗanɗano, wato ta saba da labari mai kyau har maras kyau ya gundure ta.

Ta wannan fuska gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, ta kawo abin da manhaja ke buƙata. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake. Gajeren labari yana ƙarewa a darasi ɗaya ko biyu, ya bi ta hannun alƙalai, kuma yana nuna wa ɗaliba cewa marubuciya ba lalle sai tsohuwa ko 'yar wani gari mai nisa ba.

6.0 Abin da ke Kusa da Gida

Keffi tana da wata dama da sauran garuruwa ba su da ita. Zaynab Alkali, marubuciyar The Stillborn na 1984 da The Virtuous Woman na 1987, ta koyar a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke garin, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jami'ar. Da Ingilishi ta yi rubutu, saboda haka littattafanta ba sa cikin manhajar Hausa, amma Li ta The Stillborn, wadda ta bar ƙauye da mafarkin birni, mijinta ya juya mata baya, ta koma karatu ta zama madogarar gidansu, 'yar'uwar Abu ce ta jini. Haka Nana Ai ta The Virtuous Woman, yarinya mai lalurar ƙafa a kan hanyarta ta zuwa kwaleji. Idan malamin Hausa da na Ingilishi suka daidaita jadawalinsu, aka karanta Li da Abu a zango guda, ɗalibar da ta fi ƙarfi a Ingilishi da wadda ta fi ƙarfi a Hausa kowace za ta sami ƙofar shiga, kuma Musulma da Kirista za su ga matsalar ba ta gidan wani kaɗai ba ce. A ɓangaren waƙa, tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da tsarinta na 'Yan Taru da jajis masu kai karatu ga matan karkara, ya isa ya nuna cewa karatun mata a ƙasar Hausa ya girmi boko.

Ko da yake 'yan mata muka sa a gaba, a makarantun da ke haɗe babu dalilin ware waɗannan littattafai ga mata kaɗai. Ahmadun da ya ƙi Abu yana zaune a wancan layin benci.

7.0 Matsalar Bugu

Saura batun da muka jingine a baya. Ban da So Aljannar Duniya, yawancin littattafan da muka yaba marubutansu ne suka buga su da kuɗinsu, a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda matsin tattalin arzikin shekarun 1980. Sakamakon haka akwai kurakuran ƙa'idojin rubutu a cikinsu: rashin lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, haɗe wakilin suna da aikatau, rashin daidaito wajen alamomin zance. Ɗan Kano yana karantawa ya wuce, domin kunnensa yana gyara masa abin da idonsa ya gani. 'Yar Keffi mai Hausa ta biyu ba ta da wannan gata, kuma ita ce za ta zauna jarrabawar WAEC ko NECO a yanke mata maki a kan waɗannan kurakurai. Bugu da ƙari, tsofaffin bugun sun yi wuyar samu ko a Kano, balle a shagunan Keffi da Lafiya.

Saboda haka sanya sunan littafi a jerin manhaja bai wadatar ba. Abin da ake buƙata shi ne bugun makaranta: a nemi izinin marubuciya ko magadanta da yarjejeniyar haƙƙin mallaka a rubuce, a gyara rubutun bisa daidaitacciyar ƙa'ida ba tare da an taɓa zubin labarin ko an goge wuraren da ke da zafi ba, a haɗe littafi mai kashi biyu ko uku ya zama ɗaya, a sa jerin ma'anar kalmomi da karin magana a ƙarshen kowane babi. Wannan aiki ne da Hukumar NERDC da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi za su iya ɗauka tare. Muna ba da shawarar a fara da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, sannan tarin gajerun labarai goma zuwa goma sha biyu daga Hikayata don ƙaramar sakandare, a gwada su a makarantun Keffi na shekara guda kafin a faɗaɗa zuwa sauran jihar.